Yara 'yan aji biyar a layinmu ba su iya karatu ba, ina so in fara koya musu kyauta, ta ina zan fara?

Yar_Kofar_Kaura:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema musamman wajen malamai da duk wanda ya taɓa yin irin abin da nake son yi, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Ni a Katsina nake, na gama difloma bara aiki bai samu ba, ina gida ina ɗan taɓa sana'ar turaren wuta da humra. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ke riƙon jikokinta uku, ubansu ya rasu a harin da aka kai ƙauyensu can wajen Batsari shi ne suka dawo cikin gari suka kama ɗaki ɗaya. Ranar nan aka turo mata saƙo a waya ta shigo gidanmu wai in duba mata, na ce Inna ai ga jikanki nan ɗan aji biyar, ba shi ya karanta maki mana. Saƙon da Hausa ne fa, layi biyu kacal. Yaron nan ya riƙe wayar ya ƙura mata ido bakinshi na motsi amma ba abin da ke fita, can sai ya ce wai hasken wayar ne ke kashe mashi ido. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, kuma na ji haushin kaina don ni na tona mashi asiri gaban kakarshi ban sani ba.

Washegari na ce ya kawo min littattafanshi in gani. Abin mamaki rubutunshi ya fi nawa kyau, shafi-shafi cike da not ɗin da ya kwafa daga allo, har da jan biron malami an yi mashi maki. Na nuna mashi layin farko na abin da ya rubuta da hannunshi na ce karanta, shiru. Ashe zanawa yake kamar yadda ake zana fulawa a hannun amarya.

Abin ya tsaya min a rai sai na tara yaran layinmu su tara, daga 'yan aji uku zuwa shida, na rubuta "Audu ya tafi kasuwa" a bayan kwalin taliya. Biyu ne suka karanta. Wasu sun iya rera ABCD tiryan-tiryan amma in ka nuna harafi ɗaya a tsakiya sai sun koma farko sun rero waƙar har su iso wurin. Wata yarinya ma ko kallon kwalin ba ta yi ba ta ce "Anti ni daƙiƙiya ce, malam ma ya faɗa", tana dariya ta faɗe shi kuma, wannan ya fi komai ci min rai.

To ina da lokaci, muna da zaure, amma ni ba malama ba ce ban yi NCE ba. Da Hausa zan fara ko da Turanci tunda iyayen Turanci suke so su ji? Yara nawa zan ɗauka? Wane littafi zan saya? Kuma sai na nemi izini wajen makarantarsu ko kawai in fara abina? Ba kuɗi zan karɓa ba, yawancinsu ma ko na lesin ɗin ɗari biyu ba su da shi. Na gode.

Tsohon_Hedimasta:

Wa alaikumus salam. 'Yata Allah Ya yi maki albarka, Ya sa a mizani. Shekara 35 na yi ina cin alli kafin in aje aiki, kuma abin da kika gani ba sabo ba ne a wurinmu, mu dai kunyar faɗa muke. Aji mai yara ɗari da wani abu, malami ɗaya, manhaja na jiranshi sai ya kai ƙarshenta kafin hutu, to me zai yi in ba ya cika allo ya ce a kwafa ba? Ƙarshen shekara kuma kowa a tura shi gaba don akwai wasu ɗari na tafe suna son bencin. Haka yaro zai wuce aji ɗaya bai kama baƙi ba, kuma daga nan babu wanda zai sake komawa ya koya mashi saboda a takarda an riga an wuce wurin. Yaron nan na maƙwabciyarki mataki ɗaya aka tsallake da shi, kanshi lafiya lau, wanda ya iya kwafe shafi guda ba kuskure alhali bai san me yake rubutawa ba ai ba ƙaramin mai lura ba ne.

Abu na farko kada ki sake gwada su a taro. Ɗaya bayan ɗaya, ke da shi, minti biyar ya isa. Ki sami takarda ki rubuta baƙaƙe goma a warwatse ba bisa jeri ba, ƙasa kalmomi goma masu sauƙi irin su kaza, gida, tuwo, ƙasa jimla uku huɗu, can ƙasa ɗan labari. Inda yaro ya tsaya nan ne ajinshi a wurinki, ki manta da ajin da yake a makaranta. Za ki ga ɗan aji shida da ɗan aji biyu sun faɗo rukuni ɗaya, to a nan sai kin yi dabara don babban zai ji kunya, ki ba shi muƙami, shi ne mai raba alli, shi ne mai kiran suna.

Batun harshe kuwa, Hausa, ba ko tantama. Dalili shi ne rubutun Hausa ba ya yaudara, abin da ka gani shi za ka faɗa. Wasula biyar ne, a e i o u, ki ɗauko baƙi ki jingina masu ya ba ki ba be bi bo bu, shi ke nan an sami gaɓa, gaɓa biyu kalma ta fito, kuma kalmar da yaro ya sani ce tun yana goye, yana haɗa ta zai ji ta a kunnenshi ya gane ya yi daidai ba sai kin ce mashi ba. Turanci kuwa c ɗin nan yau k ce gobe s ce, ga shi ko ya karanta daidai bai san ma'anar ba. Wahala biyu kenan a lokaci ɗaya. Dama tsarin ilimi na ƙasa da muka yi aiki da shi shekara da shekaru cewa ya yi a koyar da harshen gida a aji ɗaya zuwa uku, aiwatarwa ce ta gagara.

Ki kula da wani tarko: sunan harafi daban, sautinshi daban. Waƙar ABCD ta koya masu cewa a sunanta "e", e sunanta "i", i kuma "ai". Shi ya sa za ki ce yaro ya rubuta i ya rubuta maki e. Ki aje waƙar nan gefe tukuna, sauti kawai. Kuma ba dole ki bi jeri ba. Ni da a, n, k, m nake farawa, da su huɗun nan kaɗai yaro zai karanta nama, kaka, mama, kama, nan, har ya haɗa "Kaka na nan" a satin farko. Ranar da ya karanta jimla da kanshi ki kalli fuskarshi. Masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ, da masu tagwaye irin sh da ts, ki bar su sai ƙafa ta tsaya, in kin zo kansu ki haɗa su da 'yan uwansu: bari da ɓari, kafa da ƙafa, daki da ɗaki.

Kuma kada ki ɗauka wannan wata fasahar Turawa ce. A makarantar allo me ake yi? Babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan a shiga haɗawa. Yaran nan da yawansu sun bi ta nan, ki ce masu wannan ma babbaƙu da farfaru ne na boko, za ki ga tsoron ya ragu. Mu a zamaninmu da Ka Koyi Karatu aka fara mana, amma ko ba ki sami littafi ba kada ya hana ki, kwali da alli sun isa wata biyu.

Yara kada su wuce shida zuwa takwas. Minti arba'in, sau uku ko huɗu a sati, ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. Bulala kuwa ko ta wasa kada ta shigo zauren, sun sha ta a can ba ta koya masu komai ba. Izini: ki sa babanki ko yayanki ya sanar da mai unguwa, ke kuma ki je ki gaida hedimastan makarantar da ladabi, kada ki shiga da fuskar "kun kasa na zo in gyara". Mu malamai muna da saurin jin zafi a nan wurin, ga albashi ba ya kai wata. In kin yi sa'a shi da kanshi zai nuna maki yaran da suka fi buƙata.

Baban_Walid:

Ni fa ku gafarce ni zan ɗan saɓa. Malam da girmanka, amma yaron da ke aji biyar shekara ɗaya ta rage mashi ya zauna jarabawar shiga sakandare, kuma da Turanci za a yi ta ba da Hausa ba. A ce a zaunar da shi ana ba be bi bo bu sai yaushe zai kamo? 'Ya'yan masu kuɗi tun nazire ake masu Jolly Phonics, wato koyon karatun Turanci ta sautin baƙaƙe, suna fita da Turanci a baki, namu kuma kullum a ce Hausa tukuna, ni ina ganin haka ake ƙara barinmu a baya.

Na biyu ƙanwata ki yi tunani da kyau kafin ki fara. Mun gani a unguwarmu, samari suka taso da zafi wai lesin kyauta, aka yi taro aka ɗauki hotuna har da kujerun haya, sati biyar ba a cika ba kowa ya kama gabanshi, wannan ya sami aiki wannan ya tafi Abuja, yaran suka riƙa zuwa suna zama a ƙofar wurin suna jira. Maraya da aka riga aka yi mashi rashi ki saba da shi ki ɓace, gara ba ki fara ba. Ke budurwa ce gobe aure zai zo ko aiki ya kira ki, wa zai ci gaba? Sannan wannan aikin gwamnati ne, tun 2004 aka yi dokar UBE cewa ilimin farko kyauta ne kuma dole, akwai SUBEB hukumar ilimin farko ta jiha, akwai kuɗin da ake warewa, in muka ci gaba da toshe masu ɓaraka ba za su taɓa gyarawa ba. Ba hana ki nake ba, gaskiya ce dai.

Kofa_Mai_Ritaya:

@Baban_Walid maganarka ta biyu gaskiya ce ɗari bisa ɗari, ta farkon ce ban yarda ba, bari in faɗi abin da na gani da idona.

Na yi bautar ƙasa a wani ƙauye a jihar Bauchi, sakandare aka tura ni amma firamaren da ke jikinmu nake zuwa da yamma saboda zaman banza ya ishe ni, ba wuta ba netwok sai ka hau tudu. Nima da Turanci na fara don ina ji da kaina na fito jami'a, wata guda cur ina ta fama yara na maimaita abin da na faɗa kamar aku, in na rufe bakina su ma sun rufe. Wata malamar aji biyu ce ta ji tausayina ta ba ni littafin Mu Karanta, irin wanda aka raba a makarantun Bauchi da Sakkwato ƙarƙashin wani shiri da Amurka ta tallafa, ta ce ɗan kofa gwada wannan. Wallahi cikin sati shida yaran da ba su san a ba suka fara haɗa kalma. Kuma abin da zai ba ka mamaki, da muka koma Turancin daga baya sai ya zo da sauƙi, saboda yaro ya riga ya gano sirrin, wato waɗannan zane-zanen sauti ne kuma haɗa su ake yi, baƙaƙen kuma kusan duk ɗaya ne b ɗin Hausa ita ce b ɗin Turanci. Sau ɗaya ake koyon karatu a rayuwa, sauran koyon harshe ne. Wanda bai iya karanta "gida" ba ta yaya zai karanta tambayar jarabawa ko da wane yare ce?

Abin da Baba Hedimasta ya ce na gwaji da raba yara bisa matakinsu, akwai ƙungiyar Pratham a Indiya da ta shahara da shi, suna ce mashi koyarwa daidai matakin yaro, an kawo shi Najeriya an gwada a Borno, a Kano ma an yi a Wudil da Dawakin Tofa. Can Indiya da yawan masu yin shi 'yan sa-kai ne irinki Anti, ba masu digiri a koyarwa ba. Kuma matsalar ba tamu kaɗai ba ce, a 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta.

Yanzu kurakuraina don kada ki maimaita. Na fara da yara goma, sai na yi gangancin sayen biskit ranar farko. Kashegari arba'in suka zo har da masu goyo, na rasa yadda zan yi in kori wani, aji ya koma irin wanda suka baro, alawi na kuma ya ƙare a biskit. Ki rubuta sunayen waɗanda kika ɗauka ki tsaya a kansu, sauran ki ce zagaye na biyu, za a ce kin yi wulaƙanci ki daure. Amma fa yunwa gaskiya ce, yaron da bai karya ba ba ya jin komai, in akwai wanda kika lura da shi gara ki ba shi a ɓoye kafin a fara, ko ɗumame ne, ba a gaban sauran ba.

Kayan aiki: murafen lemo na roba. Ki tara kamar hamsin ki rubuta gaɓa a kan kowanne da biron maka, irin su ka, ki, ma, na, ta, ki zube a tabarma ki ce wa zai haɗa min "taki", sai ki ga ana kokawa. Rubutu a ƙasa da tsinke ma yana aiki sosai don in ya yi kuskure shafewa zai yi da tafin hannu ba wanda ya gani, ba kamar jan biro ba. Sannan ki sa su ba ki labari da bakinsu ke ki rubuta, jimla uku huɗu, akuyarsu ta ɓata ko an yi faɗa a bakin famfo, gobe shi ne abin karantawa. Sun fi son wannan a kan kowane littafi.

Wani abu kuma, akwai yarinyar da na yi wata biyu ina ganin ba ta ja, kullum tana matse ido tana karkata kai, ashe allon ne ba ta gani. Da na dawo da ita gaba na ƙara girman rubutu sai ga ta ta wuce kowa. Ki lura da ido, ki lura da kunne musamman mai fitar da ruwa. Wanda kuma ya daɗe yana juya b da d bayan kowa ya wuce, kada ki ce iskanci ne, akwai masu wannan matsalar a halitta, maimaici suke so da haƙuri.

Maman_Yan_Biyu:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren uwa zan yi magana don maza sun yi ta boko sun manta da gida.

Kafin mai unguwa kafin hedimasta, iyayen mata za ki fara bi ɗaki-ɗaki. Ki zauna ki gaisa ki faɗi abin da kike so, kuma don Allah kada ki ce "ɗanki bai iya karatu ba", ba uwar da ke son jin haka ko ta sani, wata ma daga kin fita za ta kama yaron da duka. Ki ce kina son ki riƙa yi masu ƙarin karatu ne saboda kina zaune. Sannan ki tambaye su lokacin da ya dace, kar ki yanke da kanki. Yaran nan ba zaman banza suke ba, safe boko, yamma Islamiyya, tsakani ga ɗiban ruwa ga kai niƙa ga talla. 'Yar da ke ɗaukar tiren awara ko gyaɗa, cinikin nan shi ne cefanen gidan, in karatunki ya ci karo da shi ke za a bari ba tiren ba. Alhamis da Juma'a da yamma babu Islamiyya a yawancin wurare, ki fara duba nan, sai ki ƙara da safiyar Asabar ko Lahadi in nasu malamin ba ya zama.

Na biyu ki bar ƙofar zaure a buɗe kullum, inda mai wucewa zai gani. Kada ki shiga da yaro ɗaya cikin ɗaki ko da gwajin nan ne da Malam ya ce, ki ja shi gefe dai a tsakar gida inda mamanku ke gani. In wani namiji ya ce zai taya ki, ko ɗan uwanki ne, ya zama kina wurin. Zamanin ya lalace, kariya ce gare su kariya ce gare ki. A tashi kafin magariba kowa ya isa gida da haske.

Na uku hoto. Na roƙe ki kada ki ɗora fuskar 'ya'yan mutane a Facebook ko TikTok da rubutun marayu ne 'yan gudun hijira ne a taimaka. Yaron zai girma ya gani, abokanshi ma za su gani tun yanzu. In kina son nuna aiki ki ɗauki hannuwa da murafen lemon.

Kuma yaran da suka baro ƙauye saboda 'yan bindiga, wasu sun ga abin da babba ma ba zai iya ɗauka ba. Za ki ga yaro na zaune ƙalau babur ya wuce da ƙara ya zabura, ko ya yi shiru kwana biyu ba ya magana. Kada ki tsare shi da tambaya me ya faru, in ya kawo da kanshi ki saurara kawai.

Nawa ɗan sai da ya kai aji huɗu bai iya ba, ni kuma ban sani ba don kullum yana zuwa da na goma sha wani abu a kati. Wata ɗalibar kwalejin ilimi da ke haya gidanmu ce ta zauna da shi hutu guda a bakin rijiya, ko sisi ba ta karɓa ba sai dai in na yi dambu in zuba mata. Yau yana aji biyu a sakandare shi ke karanta min takardar asibiti. Saboda haka @Baban_Walid a jira gwamnati ɗin muna jira, amma yaro ba ya tsayawa da girma.

Dan_Damagaram:

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ni daga Damagaram nike bin zancen. Ciwon guda ne wallahi. Nan wajenmu yaro na shiga lakkwal, wato boko, aji na CI (aji ɗaya kenan) a tarbe shi da Faransanci wanda ko a mafarki bai taɓa ji ba, mushe, wato malami, na faɗi suna amsawa, a kai CM2 (aji shida) wani bai iya karanta sunanshi ba. An daɗe da gwada makarantun da ake farawa da harshen gida a ƙasarmu, kuma a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma a cikin aji har yanzu da sauran tafiya.

Abin da zan ƙara maki shi ne ɗan allon hannu, mu ardwaz muke ce mashi, kowane yaro da nashi da guntun alli. Ki faɗi gaɓa kowa ya rubuta, ki buga hannu kowa ya ɗaga sama, da kallo guda kin san wa ya gane wa bai gane ba, ba mai ɓuya bayan wani. In babu na saye kafinta zai yanka maki falanki a shafa baƙin fenti. Mu lokacin hutun damina muke yi da ƙannenmu, kuma dabarar da ta tsirar da namu bai mutu ba ita ce ba mu taɓa cewa "kullum" ba, cewa muke sati takwas ne, ranar kaza za a gama, a kira uwaye kowane yaro ya karanta layi biyu gabansu. In da hali a sake wani zagaye. Haka ko ka tafi ba ka yi ma yaro ƙarya ba. Wannan ita ce amsar tsoron da Baban Walid ya kawo, kuma tsoro ne mai kyau.

Yar_Kofar_Kaura:

Slm, na dawo da rahoto, yau sati uku da farawa. Na gode ƙwarai Baba Hedimasta, Anti Maman Yan Biyu da kowa, har da Baban Walid don maganarka ce ta sa na ce masu sati takwas ne kamar yadda ɗan uwanmu na Damagaram ya ce, kuma na jawo ƙanwata mai SS2 tana zama tana gani ko da wani abu zai taso.

Yara bakwai na ɗauka, Alhamis da Juma'a bayan la'asar sai Lahadi da hantsi. Hedimastan da na je gaidawa da farko ya ɗan sha ƙamshi yana tambayata wace ƙungiya ce ta turo ni nawa aka ba ni, da ya gane ba kowa sai ya sake har ya ba ni rabin kwalin alli. Uwa ɗaya ta ce in ba Turanci ba ne ɗanta ba zai zo ba don Hausa ai ya iya tun a ciki, na yi bayani na gaji, yanzu dai na ce mata minti goma na ƙarshe muna ɗan yin Turanci da baki, ta bari.

Jikan Inna ranar Lahadi ya haɗa murafe da kanshi ya karanta "Kaka ta kama kaza", a hankali kamar mai taka ƙaya, yana gamawa ya tsaya ya sake dubawa sai ya fashe da dariya wai ai jiya ma sai da ta kama ta ta shiga ɗakin mutane. Ya ce in ba shi murafen ya kai gida na ce a'a sai dai ya tara nashi, jiya ya zo da goma sha ɗaya a aljihu wasu da sauran lemo a jiki duk ƙudaje.

Matsalata yanzu biyu. Yarinyar nan da ta ce ita daƙiƙiya ce ta zo sau huɗu kuma wallahi ta fi kowa saurin kamawa, sai aka ƙara mata tallar yamma saboda mamanta ta haihu, sati guda kenan ban gan ta ba, na je gidan maman ta ce in ina so in riƙa zuwa da safe kafin ta fita ni kuma lokacin nake haɗa turare. Ina tunanin ko in riƙa tsayar da ita minti goma in ta biyo da tiren ta ƙofarmu in sayi awarar hamsin mu yi gaɓa biyar, amma ina tsoron kar a ce na hana ta ciniki, Anti me kika gani? Na biyu akwai ƙaramin cikinsu da har yanzu in na nuna m sai ya ce n, in na nuna n ya ce m, na yi ta ƙasa na yi ta murfi na ce ya ƙirga ƙafafu abin ya ƙi, Baba Hedimasta in wuce da sauran in dawo mashi daga baya ko in tsaya kowa ya jira shi?